Kwat Mai Buɗaɗɗiyar Hammata

"…da gajiya kuma, amarya? Yaya mutanen zamanin da?"

"Lafiya lau, angon da bai san hanyar kasuwa ba. Yau ka ga dama ka zo?"

Haka na ji sun fara, ina tsaye gaban teburin guga da rigar wata kwastoma a hannuna. Tsinke ne, ɗan yayana, ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakin ɗinkinmu, ya rungume wata baƙar leda kamar za a ƙwace masa. Kaka, wato mahaifiyata, tana zaune a kan kekenta na ɗinki, tabarau ya sauko karan hanci. Shi shekararsa goma sha shida, ita kuwa ta daɗe da daina ƙirga nata, amma in suka haɗu sai ka rantse tare suka yi wasan ƙasa.

Ga abin da ya sa ta aika a kira shi. Tsinke da abokansa uku, masu kiran kansu 'Yan Bencin Baya, sun yi wata waƙa wai ita "Gobe Ma Hutu Ne", kuma waƙar ta kama gari. Direban bas ita, mai shago ita, ni kaina na sha kama bakina yana rera ta ban shirya ba. A bidiyon an nuna su suna tsalle a kan rufin wata matacciyar mota, Tsinke a gaba, sanye da shuɗiyar kwat mai maɓallai masu ƙyalli. Kwat ɗin ta Babanmu marigayi ce, wadda yake sawa lokacin da yake busa ƙaho a ƙungiyar makaɗa. Tun rasuwarsa tana ƙasan akwatin Kaka, a naɗe cikin farin ƙyalle da kafur. Ko mu da ta haifa ba mu isa mu taɓa ba.

"Mene ne a ledar?" in ji Kaka.

"Tsaraba na kawo miki."

"Tsaraba daga akwatina? Kai ne mutum na farko da ya yi wa mace sata ya dawo mata da kayanta a matsayin toshi."

"Wa ya ce sata? Aro na yi. Miji ba ya sata a ɗakin matarsa."

"Aron da mai kaya tana layin likitan ido ba ta sani ba? To na sake ka. Ka kwashe ƙafafun nan naka masu kama da sandar rake ka ba ni wuri."

"Saki na nawa ke nan a bana? Ki bi a hankali fa, tsohuwa, yanzu ni shahararre ne. 'Yan mata layi suke yi su ɗauki hoto da ni."

"Layin kallon abin mamaki dai. Ko ni in na ji an ce tsinken tsintsiya ya sa kwat yana rawa, ai sai na je na gani. Zanen aro ba ya rufe katara, yaro. Kafaɗun rigar suna gabas, naka suna yamma."

"Amma wa ya gaya miki? Ke da wayarki ko hoto ba ta nunawa."

"Kwastomomi suka gaya mini. Samari sun ishe ni a shagon nan, kowa da rigarsa a hannu, wai a farka musu hammata irin ta bidiyon Tsinke. Na ce yau na ga ta kaina, ni da na ƙare rayuwata ina haɗa riga, yanzu an zo a biya ni in yaga. Na ce a nuna mini bidiyon. Ina dubawa sai ga mijina na gaskiya a jikin mijina na ƙarya."

Na kashe dutsen guga, don na san yau akwai kallo, kuma ba na son in ƙona rigar mutane. Tsinke ya sosa ƙeya. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

"To kin ji waƙar dai? Tsakani da Allah, ba ta yi daɗi ba?"

"Waƙa? Na ji yara huɗu suna ihu kamar an taka wutsiyar kyanwa. Wai gobe ma hutu ne. Yo kai wane aiki ka taɓa yi da har kake neman hutu? Kofin da ka sha ruwa ma uwarka ke ɗaukewa."

"Hassada ce kawai. A zamaninku waƙa ɗaya sai a yi wuni ana jan ta, kafin a kai amshi mutum ya yi furfura."

"A zamaninmu makaɗi yana gumi. Kakanka in ya dawo daga wasa, sai an matse shat ɗinsa kamar an tsamo ta daga rijiya. Ku kuwa kun danna inji yana yi muku kiɗa, kuna motsa baki kamar kifi."

"Mu ma mun yi gumi! Sau nawa muka maimaita tsallen nan a kan mota cikin rana, har mai ganga ya faɗo."

"Allah ya ƙara. Miƙo rigar."

Tsinke ya matso. Ya miƙa ledar da hannu biyu, ya koma ya rakuɓe jikin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje. Kaka ta zaro kwat ɗin ta shimfiɗa a cinya. Ƙamshin kafur ya tashi, haɗe da wani turaren samari mai hawa kai. Ta shafa wuyan, ta taɓa maɓallan ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ɗaga hannun dama na rigar. Sai ta tsaya cak.

"Wa ya ɗinke nan?"

"Ai… gyara na sa aka yi miki. Kyauta. Ba sai kin gode ba."

"Na ce wa ya ɗinke nan?"

"Wani tela ne a bayan tasha. Wallahi Kaka ban san lokacin da ta yage ba. Sai da bidiyon ya fito na ga farar shat ɗina tana leƙowa ta hammata duk sanda na ɗaga hannu. Na ce shi ke nan, na kashe kaina, na yaga rigar da kike ji da ita. Na kasa cin abinci. Shi ne na kai aka rufe wurin tsaf, yadda ba za ki gane ba."

"Yadda ba zan gane ba. Ni. Ka ɗauki rigar mijin tela ka kai wa wani tela, don kada tela ta gane." Ta juyo wajena. "Kin ji jikan da Allah ya ba ni? Garin neman gira ya rasa ido."

Ta yi maganar da muryar wasa, amma ni na ga yatsunta ba su bar kan ɗinkin ba. Na san wurin nan tun ina yarinya.

"Kai Tsinke," ta ce, "ba kai ka yaga ba. Ni na buɗe shi da almakashina, tun ubanka bai iya tafiya ba."

"Ke? Da gangan?"

"Da gangan. Kakanka in ya zo ƙarshen waƙa, sai ya ɗaga ƙahon sama, gwiwar hannunsa har ta wuce kunnensa. Duk kwat ɗin da na ɗinka masa sai ta ɓarke a nan. In ɗinke, ya ɓarka. In ɗinke, ya ɓarka. Na ce masa ya rage ɗaga hannu, ya ce sai dai in rage ɗinki. Ranar da na gaji na buɗe hammatar gaba ɗaya, na kalmashe bakin da hannu, na ce to ga ƙofa nan, ka ɗaga har ka taɓo sama."

"To ai sai a sake buɗewa, ko? Ba shi ke nan ba?"

"Da nawa ɗinkin ne kaɗai, da sauƙi. Ina cikin kalmasar nan ya zo ya zauna kusa da ni, wai shi ma sai ya taya. Mutumin da ko zare bai iya zurawa a allura ba. Ya ɗauki farin zare a kan shuɗin yadi, ya yi wani ɗinki kamar sawun kaza a cikin taɓo, ya soke yatsa, ya yi ta ihu kamar an yanka shi. Na yi niyyar warwarewa, ya ce in na taɓa sai ya kai ni ƙara wajen uwata. Shi ke nan ɗinkin da ya taɓa yi a duniya." Ta gyara tabarau. "In telan nan naka ya datse bakin da almakashi kafin ya haɗa, to ya tafi da shi."

Tsinke ya dawo da ƙafarsa ciki, ya matso ya durƙusa a gefen keken. Idanunsa sun kawo ruwa, duk shaharar ta zube. Na ji tausayinsa, na kuma ji tsoro, don ni ma ina kewar Baba, kuma ban shirya rasa wannan ɗan abin ba.

"Miƙo mini reza," in ji Kaka. Na miƙa mata.

Ta fara tsinke zaren ɗaya bayan ɗaya. Telan bayan tasha ya danne wurin da keke, ɗinki a kan ɗinki, kamar mai toshe bakin buhu.

"Dubi aiki don Allah," tana yi tana mita. "Wannan ba tela ba ne, mai facin taya ne. A ina ka samo shi?"

"An ce ya iya."

"Kai ma ai an ce ka iya waƙa."

Tsinke bai rama ba. Wannan ne karo na farko da na ga an jefe shi bai mayar ba. Wurin ya buɗe kaɗan kaɗan. Kaka ta zura babban yatsa ta juyo bakin yadin da aka tura ciki, ta kai shi saitin hasken taga. Ga kalmasarta nan, siririya, a jere. Can ƙarshenta kuma ga farin zaren, ya koma ruwan ƙasa don tsufa, a karkace, wani dogo wani gajere.

"Ga shi nan," ta ce a hankali. "Ga ɓarnarsa nan, ba abin da ya same ta."

Ta daɗe tana shafa wurin. Sannan ta cire tabarau ta goge ido da bakin mayafi, ta ce wai kafur ne ya shige mata. Tsinke ya sauke wata ajiyar zuciya da ta kusa kayar da shi.

"Kin gani ko? Telana ma ya san darajar kaya. Ragon tela ne, ƙyuyar ɗaukar almakashi ta cece mu."

"Au, bakin ya dawo? Tashi tsaye."

Ya miƙe. Ta saka masa kwat ɗin da kanta, ta ja kafaɗun, ta karkaɗe bayan.

"Ɗaga hannu."

Ya ɗaga.

"Wannan ɗagawar mai tsaida tasi ce. Ɗaga sosai, gwiwar ta wuce kunne!"

Ya ɗaga har sama, ya karkatar da kai baya yana dariya, farar shat ta leƙo ta hammata. Na dafe teburin guga. Tsayin, da siririn wuyan, da yadda ya ɗan lanƙwasa gwiwa, duk na Baba ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

"An ce ranar Asabar za ku yi wasa a babban ɗakin taro," in ji Kaka.

"Eh, amma zan nemi wata rigar. Na tuba, ba zan ƙara ba."

"Ka nemi wata ka kunyata ni? Mutane su ce mijina ya fito ba hammata? Tafi da ita. Ta gaji da kwanciya a akwati, ba don kafur aka ɗinka ta ba. Amma in ka ƙara kai ta wajen mai facin taya, sakin da zan yi maka uku ne, ba kome."

"Ke nan kin mai da ni?"

"Na mai da kai, don babu mai kwasar ka in na bari. Zauna nan. Ciro wayar."

Ya zauna a ƙasa ya jingina da keken, ya kunna bidiyon, ya riƙe mata saitin ido. Kiɗan ya cika ɗakin. Kaka ta taɓe baki, amma ƙafarta tana kan matakin keke, tana taka shi daidai da gangar, allura tana ta hawa da sauka babu yadi a ƙarƙashinta.

"Yaya, amarya? Kin yarda waƙar ta yi?"

"Waƙar banza ce," ta ce, tana dariya tana share ido. "Mayar da ita baya kaɗan. Daidai inda ka ɗaga hannun."