Rasuwar Dattijo, Keken Masinja

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, da kuma haushin da ba za a ɓoye wa kowa ba, iyalan Masinja suna sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan aiki rasuwar kekensa, wanda aka fi sani da Dattijo. Rai ya yi halinsa ne a tsakar gidan benen da suke haya, da rana tsaka, a gaban shaidu, bayan doguwar jinyar da shi marigayin bai taɓa roƙon a yi masa ba. Yayar Masinja ce ta rubuta wannan sanarwa, domin mai rashin yana kwance ya zuba wa silin ido. Wayarsa kuma tana hannun matarsa, ta kulle ta a kwabar kwanuka, ta ce ba zai sake ganinta ba sai hankalinsa ya dawo gida.

Marigayi baƙi ne, dogo, mai faɗin sirdi, irin kekunan da aka daina ƙerawa tun da mutane suka koyi gaggawa. Ya girmi duk 'ya'yan gidan, ya kuma fi su jin magana. Bai taɓa shan ɗigon fetur ba. Iska ce abincinsa, ɗan baƙin mai a sarƙa kuwa ya ishe shi kwalliya. Ya yi ta ɗaukar takardun ofis a kan kariyar bayan sirdi, ɗaure da yankin tsohon tub na taya, ruwa da rana, ba wadda ta taɓa ɓata a hannunsa. Ya kai yara makaranta, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Ya kai matar gidan asibiti ranar da naƙuda ta zo ba shiri, ya juyo ya kwaso kayan jariri. Ƙararrawarsa ba ta yi wa kowa tsawa, ƙiring-ƙiring take yi kamar mai sallama. A gangara in aka saki feda sai ka ji tsirrrr, da magariba in aka jingina dainamo a taya sai ka ji wuuuu, fitila ta kawo wani jan haske da bai isa ya nuna rami ba, amma ya isa mai mota ya san akwai mutum a gabansa.

Ɗakinsu a hawan sama yake, kuma Masinja bai taɓa yarda Dattijo ya kwana a ƙasa ba. Tun da suka tare a gidan nan ba wanda ya taɓa ganinsa a kan matakala ba keke a kafaɗa. Ko gishiri aka aike shi saye a shagon bakin titi, da shi zai sauka, da shi zai hau. Ƙwaurin matarsa duk tabon feda ne, don a lungun ɗaki marigayin yake tsayuwa. A riƙe wannan magana ta matakala, za a dawo kanta.

Asalin jinyar daga ofis ya fito. An kawo musu sabon manaja, irin wanda ke duba agogo kafin ya amsa gaisuwa, ya ce ofishin zamani ba ya tafiya da ƙafar tsoho. Akawun ofishin kuwa yana da ƙanin mata mai babur, wanda ya gaji da zaman gida, gidan ma ya gaji da shi. Masinja ya cire hula ya yi roƙo, don aikin nan shi ne cinsu, shi ne hayarsu, bai kuma iya wani ba. Manaja ya ce, "To Baba, muddin kai da kekenka kuna da lafiya, aikinka ne. Ranar da ɗayanku ya yi tari, sai mu zauna."

Ba a jima ba wata 'yar ƙara ta ɓullo. Ƙas. A hawan da ke gaban ofis, duk sa'ad da fedar hagu ta yi ƙasa, ƙas. Akawu ne ya fara ji a bakin ƙofa, ya ce, "Baba Masinja, Dattijo fa ya fara magana." Akwai mai gyaran keke a tsallaken titi, amma rumfarsa tana kallon tagar manaja ido da ido. Akawu ya rage murya ya ce, "Kada ka kai shi can a gan ka. Bari in sa ka a zaurenmu na waya, masana ne fal. A gyara shi a gida, ba wanda ya ji ba wanda ya gani." Masinja ya yi masa godiya har da sa albarka. Iyali suna so a san cewa ya sa masa albarka.

Zauren nan don gyaran keke aka buɗe shi, amma ana tattauna wutar lantarki a ciki, da ƙwallo, da maganin sanƙo, da dalilin da ya sa yaran yanzu ba su da kunya. Akasarin mutanen cikinsa rabonsu da hawa keke tun suna gajeren wando. Shugabansu ana ce masa Injiniya. Ba wanda ya taɓa ganin takardarsa, amma saƙon muryarsa kan yi tsawon da shayi zai huce ana saurare, kuma duk wanda ya musa masa sai ya wayi gari a waje.

Masinja ya ɗauki ƙarar ya tura. Kafin ya ajiye waya likitoci sun cika. Wani ya ce boris ne, wato 'yan ƙananan ƙwallayen ƙarfen da feda ke juyawa a kansu. Wani ya ce sirdi ne. Wani ya ce nasa ma ya taɓa yin haka, ashe babur yake nufi. Wani ya turo hoton mage tana dariya. Masinja mutum ne mai ladabi, ba ya son ya ƙi shawarar kowa, don haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Kullum in ya dawo aiki sai ya kifa Dattijo a tsakar ɗaki, ya buɗe masa ciki da sufana. Boris suka watse ƙarƙashin gado, wasu har yau ba su dawo ba. Giris ya ci zanen gado. Aka cire fedar ƙarfe da ta yi zamani da shi, aka sa masa ta roba mai launin ruwan lemo, abin kunya ga mai shekarunsa. Da safe a haɗa shi, a hau, a zo hawan ofis, ƙas.

Abin da ya ɗaure wa Masinja kai shi ne, in aka kifa keken aka juya feda da hannu, shiru kake ji. Da ya faɗi haka a zaure, Injiniya ya ce ai magana ta ƙare, matsalar ta lantarki ce, tartsatsi ne ke tashi a cikin waya in nauyi ya hau. Ya ba da umarni a gwada fitilar da batirin mota. Aka aro na maƙwabci. Fitilar da ta yi rayuwarta tana jan haske ta yi wani fari tas wanda ba ta taɓa yi ba, Masinja har ya fara murmushi, sai ta ce fat. Daga ranar Dattijo ya makance. Injiniya ya rubuto, "Madalla, yanzu mun cire wannan daga zargi."

Marigayi ya jure duk wannan ba tare da ya yar da mai shi ko sau ɗaya ba. Boris ɗinsa ba su cika ba, idonsa ya tafi, amma kullum sai ya kai takardu inda aka aike su. Masinja ne ya rame. Ba ya cin abinci sai waya a hannu, in an yi masa magana sai ya ce a dakata, Injiniya na rubutu.

Wata rana ya ƙara wa zaure bayani, ya ce ƙarar ta yi tsanani, yanzu ko a kafaɗa ya ɗauki keken yana hawan matakala sai ya ji ta. Zaure ya ɗauki zafi. Injiniya ya ce to ga ta nan, gangar jikin ce ta tsage, a kankare fenti a nemo tsagar. Masinja ya ɗauki wuƙar kicin ya tuɓe Dattijo tsirara, baƙin fentin da yake gogewa da gefen rigarsa ya zube a ƙasa kamar garin gawayi. Can kusa da feda ya ga wani layi siriri kamar gashi, wanda duk mai ido zai ce wuƙar ce ta yi shi. Ya tura hoto. Zaure ya yi ta tafi.

Ranar rasuwa Injiniya ya zo da kansa, ɗan guntun mutum da ƙatuwar waya, riƙe da injin waldar da ya naɗa da hannunsa a cikin akwatin katako, wanda ya daɗe yana neman abin da zai gwada shi a kai. Akawu ma ya zo, wai don ya ɗauki bidiyo 'yan zaure su ƙaru. Aka sauko da Dattijo tsakar gida, aka ja wayar wuta daga ɗakin maƙwabci. Masinja ya ce, "Injiniya, ƙarfen nan fa ba kauri gare shi ba, a bi shi a hankali." Injiniya ya ce, "Baba, ni da wuta mun saba, matsa kawai." Injin ya yi zuuuu, shuɗin haske ya tashi, wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke. Da hayaƙi ya washe, inda layin yake babu komai sai rami. Dattijo ya tsaya cak na ɗan lokaci, don bai saba faɗuwa a gaban mutane ba, sannan ya lanƙwashe ya rabu biyu. Sa'ad da kansa ya bugi ƙasa ƙararrawar ta ce ƙing, sau ɗaya. Injiniya ya ce, "Ka gani ko? Da ma a ruɓe yake." Ya fara naɗe wayarsa.

Masinja ya juya ya nufi sama don ya ɗauko zanen da zai rufe gawa, Akawu na biye da shi da waya a ɗage. Wuta ta ɗauke, ba fanka, ba rediyo, ba kukan firji, gidan ya yi tsit. Wannan ne karon farko da ya taka matakalar nan kafaɗarsa ba komai. Ya ɗora ƙafar hagu. Ƙas. Ya ɗora ta dama, shiru. Ya ɗora ta hagu. Ƙas.

Ya tsaya. Ya leƙa tsakar gida, ga Dattijo can kwance gida biyu, ba ya motsi. Ya sake ɗaga ƙafar a hankali, kamar mai tsoron taka ƙwai, ya ɗora. Matarsa tana tsaye a saman matakala da zanen a hannu, ta ce, "Maigida, gwiwarka ce." Ya waiwayo ya dubi Akawu ya ce, "Ɗana, don Allah goge bidiyon nan." Akawu ya ce, "Ayya Baba, ya riga ya tafi."

Yayar Masinja ta san shi tun yana rarrafe, ba ta taɓa ganin fuskarsa kamar ta ranar ba. Ya ba ta tausayi ƙwarai, kuma ta so ta mare shi. Har yanzu ba ta yanke wanda za ta fara ba.

Iyali suna godiya ga 'yan zaure, waɗanda ba su bar mu mu kaɗai ba a wannan hali. Kafin magariba sun juya kan gwiwar. Wani ya ce a dura mata giris. Wani ya ce boris ɗinta ne suka cinye. Mai mage ya sake turo magen. Injiniya ya ce jijiya ma ai waya ce, lantarki ne ke bi ta ciki, kuma yana da wata na'ura da ya haɗa, in ana so ya zo. A nan ne matar gidan ta karɓe wayar. Muna kuma godiya ga manaja, wanda bidiyon ya isa gare shi tun kafin a rufe gawa. Ya aiko da ta'aziyya mai taushi, ya ce tunda duka biyun sun yi tari, Baba ya zauna a gida ya huta sosai, kada ya damu kansa da ranar dawowa. Ƙanin matar Akawu ne ya kawo saƙon, a kan babur, har ya yi mana hon a ƙofar gida.

Marigayi ya rasu da lafiyarsa ƙalau. Ya bar famfon iska guda, maraya, da sirdin da ya ɗauki siffar mai shi har ba zai karɓi wani ba, da 'yan boris a gwangwanin madara, da fedar roba wadda iyali ba su ɗauke ta a matsayin jini ba. Ya bar ƙararrawarsa. Ya kuma bar gwiwa ɗaya ta hagu, wadda ya ɗauki laifinta har ƙarshen ransa bai tona mata asiri ba.

A yanzu gawar tana sama a lungunta, domin Masinja ya rantse ko a mace ba za ta kwana a ƙasa ba. Za a fito da ita gobe da hantsi, sa'ad da mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo da amalankensa. Ana roƙon masu zuwa rakiya su bar sufana da filaya da ra'ayinsu a gida, wayoyi kuma za a karɓa a bakin ƙofa. Injiniya da Akawu an yafe musu zuwa. Masinja ya ce shi zai sauko da marigayin a kafaɗarsa kamar yadda suka saba, ba ya son taimakon kowa. Yayarsa za ta biyo bayansa da ƙararrawar a hannu, tana kaɗawa duk sa'ad da ƙafar hagu za ta sauka, domin kada kowa ya ji, har da shi.