Kukan Tumatir da Shirun Albasata

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Majalisar Masu Binciken Kimiyya ta Duniya, uban masu farar riga, mai leƙa abin da ido ba ya gani, Allah ya ƙara basira.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan ana bincike lafiya, ni ne Mujitaba, manomin albasa a fadamar Ƙofa. Ni da yayana Ɗanasabe injin ban ruwa ɗaya gare mu, wanda marigayi Baba ya bari. Mahaifiyarmu Inna ce ke raba mana ranaku: yau tumatirinsa, gobe albasata. Shekara da shekaru ba a taɓa jin kanmu ba, sai da rediyon Inna ya fara kawo labaranku.

Na ɗaya. Kun sanar cewa tumatir yana kuka idan ya ji ƙishi, wani ɗan ƙas-ƙas da kunnen mutum ba ya ji, sai na'ura. Madalla da ƙoƙari. Amma ranka ya daɗe, wa ya aike ku? Inna na jin haka ta ajiye carbi, hawaye shar. Ta ce ita ta yi goyo, ta san kukan ƙishi, ba za a yi wannan zalunci tana raye ba. Tun ranar injin ya tare a gonar Ɗanasabe. Shi kuwa, mutumin da a makaranta ajin kimiyya ne wurin barcinsa, kullum sai ya shigo da fuskar ta'aziyya ya ce mata, Inna, yau ma suna ta yi.

Na biyu. Na kai mata maganar albasata, ta ce masana ba su ambace ta ba, ke nan tana cikin ƙoshin lafiya. Cikin ladabi nake tambaya: duk faɗin ɗakunan bincikenku babu ko lawashi guda? Me albasa ta yi muku? Ba ita ce a miyarku ba?

Na uku. Kun gano akuya tana bambance muryar fara'a da ta fushi. To, Inna ta haramta yi wa akuyarta tsawa. Jiya na tarar da akuyar a ɗan fangalin albasata da ya rage kore. Haka na tsaya ina murmushi, ina ba ta haƙuri, kamar mai raka surukai. Bincikenku gaskiya ne, ranka ya daɗe. Ta saurara, ta gane fara'a ce, ta ci gaba da ci.

Na huɗu. An ce kun samo ruwa a duniyar wata. Ina taya ku murna. Akwai tiyon da zai kawo nan?

Na biyar. Da abin ya ishe ni, ranar da Inna ta fito duba gona sai na kwanta bayan kunya ina ƙas-ƙas da harshe. Ta tsaya, ta kasa kunne, ta ce kukan gaskiya ba a jinsa, wanda ake ji na ƙarya ne, tashi Mujitaba, da gemunka da komai. Kun ga irin ilimin da kuka zuba wa tsohuwa.

Wallahi raina a ɓace yake. Lawashi ya yi rawaya ya kwanta, kuma albasar nan ce abincin gidana har damina. Saboda haka nake durƙuso, ku turo na'urar nan ta saurari gonata. In ta ji kuka, ku ba da sanarwa da safe, lokacin da Inna ke shan koko, kuma a ce ya fi na tumatir tsanani. In kuwa ba ta ji komai ba, don girman Allah ku kwashe kayanku ku tafi, kada ku gaya wa rediyo.

Naka mai biyayya har ƙasa, wanda ba ya jayayya da masana sai dai roƙo,

Mujitaba Hamidu
Manomin albasa, Ƙofa, Bebeji