Yadda Ake Ƙara wa Ƙaramar Kwamfuta Ƙarfi Ba Tare da An Tambayi Mutan Gida Ba

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya hore wa ɗan Adam ƙarfe da waya, ya kuma bar masa girman kai don a jarraba shi. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai niyyar sayen kwamfutar tebur, irin ƙaramar nan da ake yayi, ga hanya na shimfiɗa maka. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan bi da bi, wata guda ba zai cika ba sai ka canza duk abin da ke cikin na'urarka, ka san kowane rami da ke kan hanyar shagon mai gyara, girmanka na maigida kuma bai ragu da ko ƙwayar zarra ba. Ba da ka nake magana ba. A kan maƙwabcina aka jarraba hanyar, Malam Kibwana na unguwar Ngamiani a nan Tanga, garinmu na bakin teku, ina zaune ina kallo.

Mataki na ɗaya: Yi alkawari a bainar jama'a tun ba ka saya ba

Mutumin da ya yi niyya a zuci yana iya fasawa. Toshe wa kanka wannan ƙofar.

Malam Kibwana ya yi shekara talatin yana karantarwa kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi. A hannunsa aka bar kundin malaminmu, Shehe Mwinyikai, Allah ya jiƙansa: shafi saba'in na nasihohi, da hannun Shehen kansa. Danshin teku ya daɗe yana lasar tawadar, har wasu layukan sun koma kamar sawun tururuwa. Saura kwana arba'in a yi haulin Shehe, taron addu'ar da muke yi masa kowace shekara, sai Malam ya ajiye finjalin gahawa a dakalin masallaci bayan la'asar, ya ce:

"Jama'a, ku shaida. Ranar hauli kowa zai koma gida da nasihohin Shehe a buge. Ni zan buga su, da yatsuna."

Taubashinsa Mzee Hemedi, tsohon direban jirgin ƙasa, ya ƙware da gahawa. "Kai, Kibwana? Kai da in waya ta yi ƙara sai ka miƙe tsaye ka gyara hula kafin ka amsa?"

"Ɗan gwaggo, jirginka ma ai da turi ya saba tashi."

Aka yi dariya, aka shafa fatiha. Alkawari ya ɗauru.

Mataki na biyu: Kada ka nuna mamaki a shago

Zaɓi shagon wanda ya taɓa zama a gabanka yana karatu, domin ba zai iya yi maka musu ba. Malam ya tafi wurin Mhina, tsohon ɗalibinsa, wanda yanzu furfura ta fara fito masa a gemu. Mhina ya rusuna ya gaishe shi, ya ɗora masa wani ɗan akwati baƙi a kan kanta, bai fi ƙunshin halawar biki ba.

Malam ya dube shi, ya dubi bayan Mhina. "Madalla. To, kawo uwar."

"Ita ke nan, Malam."

"Na sani. Gwada ka nake yi."

Riƙe wannan jimla da kyau, za ta yi maka rana sau da dama.

Mhina ya haɗa masa da allo da madannai da linzami, ya zuba masa littattafan tafsiri da hadisi da fiƙihu a ciki, kyauta, don neman albarka. Da zai tafi ya ce, "Abu ɗaya kawai, Malam, tana son iska."

"Wa ya ƙi iska a garin nan?" in ji Malam, ya hau babur mai ƙafa uku.

Mataki na uku: Zuzuta ta a gida

Iyali suna auna kaya da ido. In abu ƙarami ne, wajibi ne ka cika shi da baki.

Matar Malam, Bi Mwantumu, 'yar ladan ce, ta tashi a gidan da ko takardar da aka ƙunso kifi ba a takawa sai an duba ko da sunan Allah a jiki. Ta leƙo daga madafa, hannunta duk madarar kwakwa.

"Baban Saumu, wannan ɗin ce ta hana ka barci mako guda? Na ɗauka da ɗan dako za ka shigo."

"Maman Saumu, iya bakinki. Abin da ke cikin akwatin nan ya fi abin da ke kabad ɗin masallacin Juma'a. Tafsiri na ciki. Hadisi na ciki."

Nan take fuskarta ta canza. Ta je ta wanke hannu, ta dawo ta ɗauki akwatin da dama.

"Kuma ka ajiye shi a teburin da muke cin ugali, tuwon masara?"

Ta hau kujera ta ɗora shi can saman kabad, inda littattafai suke, wayoyinsa suka zuro ƙasa zuwa allo. Malam ya yaba da wannan ladabi, ko da yake gwiwarsa ba za ta kai shi can ba har abada. Da soket ɗin bango yake kunnawa. Kafin ta sauko daga kujera ya ga ta auna akwatin da taƙi, tsawo da faɗi. Bai tambaye ta dalili ba. Kai ma kada ka tambaya. Wannan shi ne ginshiƙin hanyar gaba ɗaya.

Mataki na huɗu: In ta ɗauke, ɗora wa ƙwaƙwalwarta laifi

Kwana biyu aiki ya tafi lami lafiya. A rana ta uku, da hantsi, Malam na tsakiyar shafi na tara sai ya ji nishi daga saman kabad, kamar na mai haƙon rijiya. Allo ya yi baƙi. Shafin ya tafi.

Ya kunna, ta yi rubu'in awa, ta sake ɗaukewa.

Fa'ida: mai ilimi ba ya binciken cuta, sunanta yake faɗa. Malam ya tuna ya ji ana cewa a ƙara wa na'ura ƙwaƙwalwa, sai ya ce da matarsa ta sauko masa da ita. Ya shiga ɗaki ya sa farar riga, ya fito ya tarar da akwatin a cikin kwando, an goge shi fes.

A shago Mhina ya kunna ta. Awa biyu tana aiki kamar amarya a makon farko.

"Malam, lafiyarta ƙalau."

"Kunyarka take ji. Ƙara mata ƙwaƙwalwa."

"Wadda ke ciki ta ishi rubutu har..."

"Mhina, wa ya koya maka baƙi?"

Mhina ya ɗauki sukundireba, ya kwance noti huɗu, ya ƙara. Malam ya koma gida, uwargida ta mayar da akwatin sama. Rubu'in awa, nishi, duhu.

Mataki na biyar: Ci gaba da canzawa, ka saurari kowa ban da mutum ɗaya

Bayan ƙwaƙwalwa sai rumbun ajiya. Sa a cire shi a saka mai sauri. Bayan rumbu sai waya. Bayan waya sai ka zargi masu wuta, wannan ba ya buƙatar hujja. Sayi na'urar daidaita wuta. Canza madannai ma, duk da ba su yi maka komai ba, don sauran su ji tsoro.

Kai maganar dakali. A can wani ya ce baki ne, wani ya ce gishirin iska. Mzee Hemedi ya ce, "Ni dai a ganina suma take yi in ta ga rubutunka. Ko ni na gani sai an yayyafa mini ruwa."

Malam ya yi dariya tare da su, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Saura kwana tara, shafi goma sha biyu kacal ya tsira. Shafin da Shehe ya yi magana a kan haƙuri, sau shida ya buga shi yana ɓacewa. Bayan sallar asuba yakan buɗe kundin a cinyarsa, ya kara shi da hasken taga, ya ga kalmar da ya karanta bara bana ta shuɗe. Ba tsokanar Hemedi ce ke ci masa rai ba. Shehe da kansa ya damƙa masa kundin a kan gadon jinya, ya ce, "Kibwana, kada ka bari ya mutu a hannunka."

Bi Mwantumu ta ajiye masa shayi. "Baban Saumu, ka rame. Mene ne?"

"Sha'anin na'ura ne, ba za ki gane ba."

Ka ga yadda ake yi. Ko zuciya na ƙuna, a riƙe ƙa'ida.

Mataki na shida: In hanya ta ƙare, kira mai gyara gida

Mhina ya zo da hantsi. Ba a bar shi ya taɓa komai ba sai da ya ci mahamri uku, fanken nan namu na kwakwa, da wake mai romon kwakwa. Sannan ya bi waya da ido har saman kabad, ya roƙi kujera, ya hau. Ya miƙa hannu ya taɓa, ya janye da sauri.

"Me ka gani?" in ji Malam.

Mhina ya sauko da abin a hannu biyu, yana juya shi kamar gurasar da aka ciro daga tanderu. Akwatin na sanye da riga ta koren karan-miski, an yi mata shafi da auduga, an zagaye bakinta da zaren zinariya, ga maɓallai uku. Ko kafar allura ba a bari ba, sai inda wayoyi suka fita. Ƙamshin turaren wuta ya cika ɗakin, da ɗan ƙauri a ƙarƙashinsa.

"Malam," in ji Mhina a hankali, "wa ya yi mata lefe?"

"Ni ce," in ji Bi Mwantumu daga bakin ƙofa. "Sauran yadin ɗaurin auren Saumu ne. Da wani abu?"

"Mama, ta nan take numfashi. An toshe mata hanci."

Malam ya juya. "Maman Saumu! To don me ban taɓa ganin rigar nan ba?"

"Kayan gida ake fita da su kasuwa? In za ka kai ta shago nakan cire, kada a shafa mata baƙin mai."

"Wata guda ina safa da marwa tsakanin gida da shago!"

"Shekara talatin da takwas kana gaya mini littafi ba ya kwana tsirara. Kai ka ce tafsiri na ciki. Ko ba ya ciki?"

Malam ya dubi rigar, ya dubi Mhina.

"Kuma da ka tambaye ni," ta ci gaba, "da na gaya maka zazzaɓi take yi. Kullum sai na sa tsumma nake iya sauko da ita. Na ɗauka nauyin karatu ne."

Mhina ya shiga tari, ya fita tsakar gida ya yi shi sosai.

Mataki na bakwai: Ba da fatawar da ba ta kama kowa ba

Mas'ala ce mai wuya, kada ka raina ta. In Malam ya ce akwatin ba littafi ba ne, ya ƙaryata kansa. In ya ce littafi ne, riga ta wajaba, kundin Shehe kuma ya tafi. Ya sunkuyar da kai yana jan gemu, yana neman ƙaulin da zai fitar da shi.

Bi Mwantumu ta karɓi akwatin, ta ɓalle maɓallan ɗaya bayan ɗaya. "Ni ban ga abin dogon tunani ba. Littafi ma ai ba a karanta shi a cikin jakarsa. In ana karatu a buɗe, in an tashi a rufe."

Malam ya ɗago. "Abin da nake shirin faɗa ke nan."

"Na sani. Gwada ni kake yi."

Daga ranar na'ura ba ta ƙara nishi ba. Amma saura shafi hamsin da takwas, kwana takwas, yatsu biyu. Zuwa azahar Malam ya maƙale a wani layi da tawadarsa ta tafi gaba ɗaya, sai farin wuri tsakanin kalma biyu. Ya karanta farkon jimlar da ƙarfi, ya tsaya a gurbin. Daga madafa aka ƙarasa masa jimlar, har da inda Shehe yakan ja numfashi.

Ya taka da sandarsa har bakin ƙofa. "Ina kika san wannan?"

"Kuna gaba kuna rubutu, mu muna bayan labule ba mu da alƙalami. Da me kake tsammani muka riƙe?"

A nan ne, da baƙin ciki nake faɗa, Malam Kibwana ya saki hanyata. Ya jawo kujera ta biyu zuwa gaban allo, ya ce, "Mwantumu, zo ki karanta mini." Ita ke riƙe da kundi, shi ke bugawa, suna gardama a kan kowane waƙafi. Mako guda ƙanwarta ce ke aiko musu da abinci.

Ranar hauli kowa ya karɓi nasa, shafi saba'in cif. Mzee Hemedi ya juya nasa har bangon ƙarshe, ya kara da ido.

"Kibwana, me nake gani? 'Kibwana ya buga, Mwantumu 'yar ladan ta cike gurbi goma sha tara daga haddarta.' Wai a ƙarshe me aka ƙara wa na'urar ta warke?"

"Ba ƙari aka yi ba, ɗan gwaggo. Ragi aka yi."

"Aka rage me?"

"Nata riga ce kawai," in ji Malam. "Nawa ya fi yawa."

Barranta

Abin da ya zo daidai a cikin takardar nan daga Allah yake. Abin da ya zo kuskure daga gare ni yake, amma da zarar ka aikata shi ya zama naka. Ba ni da alhakin ƙwaƙwalwar da aka ƙara ba a buƙace ta ba, ko shafin da ya salwanta, ko dariyar taubashi. Wanda ya bi matakan nan har ƙarshe ya ci nasara, shi da iyalinsa, kada a kira ni sulhu. Wanda kuma ya karya su a tsakiya ya tambayi matarsa, aikinsa ya yi kyau, kada ya ce ni na koya masa. Allah ne mafi sani, sai kuma, a wasu gidajen, wadda ke madafa.