Kifin da Na Kama a Tsakar Gida

A waya na ga yadda ake ɗaura gashin tsuntsu a ƙugiya ta koma kamar ƙwaro, kifi ya ruɗu. Na zaga kasuwar Potiskum na zaɓo 'yar ƙarama mai lanƙwasa, na naɗe ta da zare, na ajiye a bakin tabarma.

Na ce wa mahaifiyata, "Inna, ko kifin da ya yi boko sai ya haɗiye wannan."

Kafin in sako takalmin tafiya tafki, kazarta mai ƙwai ta riga kifin. Dole aka yanka ta.

Inna ba ta yi faɗa ba. Amma har yau, in an dafa kaza, sai ta turo min kwano ta ce, "Sarkin ruwa, ɗanɗana mana kifin nan naka."