Mutumin da Duniya Ta Ambata

Wani ne a jami'armu ta Daejeon, a sashen binciken ƙwaƙwalwa. Ba zan faɗi sunansa ba, don in na faɗa sai ya ƙirga shi cikin ambato.

Kun dai san yadda harkar take. Ka yi bincike, ka rubuta maƙala, a buga. Daga nan sai ka zauna jiran wani mai bincike a wata ƙasa ya kawo sunanka cikin tasa maƙalar. Wannan shi ne ambato, kuma da shi ake auna mutum a wurinmu. Ba mai tambayar me ka gano. Sau nawa aka ambace ka, shi ke nan.

To shi wannan bawan Allah ya daɗe yana leƙen ƙwaƙwalwar ɓeraye. Maƙaloli kam ya tara su jibgi. Amma mai ambatonsa a duk faɗin duniya kusan mutum ɗaya ne, shi da kansa. Ta bana ta ambaci ta bara, ta bara ta ambaci ta bara waccan. Har ƙanin matarsa mai binciken takin zamani sai da ya roƙa. Mutumin ya rasa yadda zai yi da shi, ya cusa sunansa a tsakiyar maganar kashin kaji.

Kullum kafin ya wanke fuska sai ya duba wayarsa. Lambar ambatonsa tana nan inda ya bar ta jiya, ko motsi.

Ran nan 'yan sashe muka fita cin gasasshen nama. Mutumin naku ya liƙe wa shugaban sashe, Farfesa Gwak. Ya riƙe kwalbar giyar soju da hannu biyu yana zuba masa, yana rusunawa har goshinsa na neman taɓa garwashi.

Farfesa Gwak ya ce, "Ka ji ni da kyau. Da sanyi ya wuce kwamiti zai zauna. Kujerar dindindin ɗaya ce. Wanda ya fi ambato shi zai hau. Wanda bai hau ba, kwantiraginsa ya ƙare, sai ya kwashe ɓerayensa ya ƙara gaba."

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai aikina irin wanda sai nan gaba duniya za ta gane ne."

Dakta Pyo na gefe tana juya nama. Ita ce abokiyar takararsa. Aji ɗaya ta girme shi a makaranta, saboda haka dole ya kira ta Yaya, kuma duk abin da ta gaya masa sai dai ya haɗiye.

Ta ce, "To ka bari sai nan gaban ka nemi kujerar. Miƙo min tafarnuwa."

Ya miƙa mata, da hannu biyu.

Ana nan, lokacin haɗa kimchin sanyi ya zo, wato kabejin nan da muke tsumawa da barkono. Tsohuwarsa, wadda yake kira Omma, tana wani ƙauye kusa da Sunchang. Ita a ganinta ɗanta duk ya rame ne don yana cin kimchin kanti. Sai ta haɗa nata, ta cika firji guda, ta turo masa da firjin gaba ɗaya a bayan mota.

Matarsa ta leƙo ta ga kaya, ta ce, "A ina za a sa wannan? A kan gadonmu?"

"Omma ce fa ta aiko."

"To ka mayar wa Omma, ko ka kai wa ɓerayenka."

Gogan naku sai ya ɗauki magana ta biyu. Ya sa aka kai firjin ɗakin bincike, aka jingina shi da na'urar da ke naɗar bugun ƙwaƙwalwa, aka jona su a soket ɗaya. Na'urar kun san ta. Siririyar waya a kan ɓera, layi yana rawa a allon kwamfuta.

Washegari ya kunna na'ura, sai ga wani abu da bai taɓa gani ba. Layin ya ɗauki wani irin bugu, diri-diri-diri, ya jima yana yi, ya tsaya cak. Can an jima ya dawo. Ya canza ɓera, bugu na nan. Ya kawo mace, yana nan. Ya kawo mai barci, ya kawo mayunwaci, ya kawo wani tsoho da ko ido ba ya buɗewa, duk bugun ɗaya.

Abin nema ya samu. Ko shinkafar rana bai tsaya ci ba, ya zauna ya zuba maƙala. Ya ce ya gano sabon bugu a ƙwaƙwalwa wanda duk masanan duniya suka makance ba su gani ba. Ya raɗa masa suna Bugun Sunchang, don girmama mahaifa. Wata mujalla ta karɓa ta buga.

Ba a jima ba lamba ta motsa. Daga Jamus aka ambace shi. Daga Brazil aka ambace shi. Japan, Kanada, Indiya, har ƙasashen da sai ya duba taswira. Lambar da ta shekara kwance kamar gawa ta tashi tana gudu.

Nan fa rusunawa ta fara raguwa. Da, in ya haɗu da Farfesa Gwak, har gwiwa yake kaiwa. Da ambato ya kai ɗari sai ya tsaya a ƙugu. Da ya ƙara gaba sai ya koma ɗan gyaɗa kai. Mu ƙanana kuwa da gira yake amsa mana gaisuwa. Ya koma tafiya hannu a baya, yana kallon rufi, wai tunani yake.

Na taɓa haɗuwa da shi a lif, abin ya ci ni, na ce, "Farfesa, wai me suke cewa a kanka a maƙalolin nan?"

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wa ke da lokacin karatu? Ambato ƙirga shi ake yi."

Labari ya kai ƙauye. Kun san mutanenmu, ɗan wane ya ci jarrabawa ma sai an rataya ƙyalle. Tsohuwa ta tara dattawa, aka buga wani ƙaton ƙyalle aka ɗaure a bakin ƙauye daga wannan falwaya zuwa waccan. An rubuta, "Ɗanmu da duniya ta ambata." A gefe ga hotonsa, fuska kamar faranti, ya dafe haɓa da hannu. Duk motar da ta shigo sai ta bi ta ƙarƙashin hancinsa.

Sanyi ya wuce, kwamiti ya zauna. Farfesa Gwak ya ce tunda ga na'ura a kusa, gani ya kori ji, a je a ga bugun da ido. Aka ɗunguma ɗakin bincike, mu 'yan kallo muka cika bakin ƙofa. Dakta Pyo ta shigo da wasu takardu a hammata, ta sami kujera ta harɗe.

Mutumin naku ya sha farar riga, ya jona wa ɓera waya, ya kunna. Sai ga bugu, diri-diri-diri.

Ya ce, "Ranku ya daɗe, ga shi nan. Abin da Jamus ke magana a kai ke nan."

Ana cikin haka sai ga tsohuwa. Ta hawo motar safe daga ƙauye da ƙullin wainar shinkafa, wai ta gode wa manyan ɗanta. Ta rusuna wa kowa, ta raba waina. Sai idonta ya faɗa kan firji. Ta buɗe, ta ga ƙanƙara ta daskare ta ko'ina.

Ta ce, "Haba ɗan nan, haka ake riƙon firji? Ka ji yadda yake nishi."

"Omma, don Allah ki bari, aiki muke."

"Ku yi aikinku, ni ina ruwana."

Ta sunkuya ta zare fulogin firjin. Firji ya yi shiru. Bugun Sunchang ma ya yi shiru.

Kowa ya dubi allo. Gogan ya bubbuga kwamfuta, ya hura wa ɓera iska a fuska.

Ya ce, "Kunya yake ji. Bai saba da taro ba."

Dakta Pyo ta miƙe a hankali. Ta ce, "Mama, ku ara min wayar firjin nan."

Ta jona, firji ya ɗauka, bugu ya dawo. Ta zare, ya ɗauke. Ta jona, ta zare, ta jona, kamar mai wasa da fitila.

Ta ce, "Ƙane, ɓeran naka yana jin magana. Duba yadda yake cire kunya."

Ya ce, "Yaya, ai dacewa ce kawai."

Ta nufi wurin ɓeran. Ta zare siririyar wayar daga kan ɓeran, ta ɗauke shi ta mayar keji, ta ajiye wayar a kan tebur ita kaɗai. Firji na nishi, allo na diri-diri-diri.

Wani mai kunya da nan ƙasa za ta haɗiye shi. Amma shi sai ya tafa hannu.

Ya ce, "Kun gani? Ƙarfin bugun ke nan. Ko ɓeran ya tashi sai ya bar shi a wurin."

Farfesa Gwak ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce, "Dakta Pyo, takardun me ne a hannunki?"

"Masu ambatonsa ne, ranka ya daɗe. Na ga shi ba shi da lokaci, sai na karanta masa." Ta ɗaga ta farko. "Jamus sun ce sun nema ba su samu ba. Brazil sun ce sun nema har ɓerayensu suka tsufa. Japan, kun san su da ladabi, sun ce wataƙila a duba wayoyin ɗakin. Wannan ta Kanada kuwa darasi ce ga sababbin ɗalibai, yadda ba a yin bincike. Shi ne misali na farko."

Gogan ya ce, "Na farko. Kun ji da kunnenku."



Ya gyara wuyan riga ya ce, "Ranka ya daɗe, da bakinka ka ce wanda ya fi ambato. Ba ka ce wanda aka fi yabo ba. Lamba dai lamba ce."

Farfesa Gwak ya ce, "Haka na ce. Kuma wanda ya yi aikin shi ya cancanci kujera. Ga shi can a jingine cike da kabeji. Kai kuma ka janye maƙalar nan, ka kwashe ɓerayenka."

Mutumin ya sunkuyar da kai. Muka ce yau dai ido ya raina fata. Can sai ya ɗago da ɗan haske a fuska.

Ya ce, "In na janye ta, sanarwar janyewar ai dole ta ambaci sunana. Ita ma tana shiga lissafi?"

Farfesa Gwak ya kama hanyar ƙofa. Tsohuwa dai ba ta gane komai ba sai cewa ɗanta bai sami kujera ba. Ta kamo hannun Dakta Pyo.

Ta ce, "'Yar nan, to ƙyallen da muka rataya fa? Duk ƙauye sun gani. Sauke shi za mu yi?"

Dakta Pyo ta ce, "A'a Mama, ku bar shi, rubutun daidai yake. Hoton kawai za ku canza, ku sa na firjin."