Akwatin Isfahan na Alhaji Badamasi

A unguwar Malaz, inda muke zaman ci-rani a ƙasar Larabawa, mai neman ilimi kyauta majalisar Alhaji Badamasi yake zuwa. A takardar iƙama, wato izinin zama, direba aka rubuta, amma mu da muka san darajarsa Shehin Katako muke ce masa, yana kuma amsawa.

Sarautar ta samo asali ne daga wani ɗan akwati mai adon taurari da ya sayo a kasuwar tsofaffin kaya. Hatam ne, in ji shi, aikin Farisawa.

"Ku duba da ido, ban da hannu. Tsinken katako da ƙashin raƙumi da wayar tagulla ake ɗaurewa kamar tsintsiya, a manne, a yanka siriri, a shimfiɗa ɗaya bayan ɗaya. Wannan tun zamanin sarakunan Safawiyawa yake. Ni da ƙanshi ma nake bambanta na Isfahan da na Shiraz."

Bai taɓa wuce Dammam ba, balle ya taka ƙasar Farisawa, amma Allah ya hore masa hanci. Shekarun akwatin ma da albarka. Ranar Juma'a ɗari uku ne, kafin Talata sun kai ɗari huɗu.

Da zaɓen shugaban ƙungiyar 'yan gida ya matso, Alhaji ya ga bai dace mutum irinsa ya ci gaba da zama a ƙarshen tabarma ba. Ya kira mu cin kabsa, dafa-dukar Larabawa. Cikin baƙin har da Buraima, kafinta ɗan Maraɗi mai aiki a Birnin Masana'antu. Ya nemi izinin duba gindin akwatin. Alhaji ya yi masa nasiha cikin taushi, cewa buga ƙusa daban, sanin tarihi daban.

Bayan cin abinci aka kawo turaren wuta. A al'ada kaskon ne ke zagaya mutane. Alhaji ya ɗora shi bisa akwatin, don kowa ya taso ya sunkuya a gabansa.

Mutum na uku ne ya fara jin ƙaurin leda. Taurarin Isfahan suka naɗe gaba ɗaya kamar fatar albasa. A ƙarƙashi ga farin katako, ga awo an rubuta da fensir.

Buraima ya leƙa, ya ɗago.

"Alhaji, a gafarce ni, rubutuna ne. Bara, kafin azumi."

An yi zaɓe lafiya, Alhaji na nan a ƙarshen tabarmarsa. Har yanzu Shehin Katako muke ce masa. Amsawar ce dai ya daina.