Ranar da Na Yi wa Kwamfuta Ta'aziyya

Da aka dawo da wuta, kwamfutar makarantarmu a Bodinga ta ƙi tashi, ga tambayoyin jarrabawar gobe a cikinta. Na naɗe hannun riga na ce, "Ku ba ni wuri."

Na kwance ta kaf, malamai na kallo suna "Masha Allah!" Ni kaina na yi mamakin basirata. Na mayar da komai, na sanar cewa ta mutu.

Sai Baba maigadi ya leƙo. "Malam, ni niz zare wayar da anka ɗauke wuta, kar ta dawo da ƙarhi."

Ya jona, ta kawo haske, aka ɗauki kabbara.

Har yau ko tocila ta mutu cewa suke, "A kira Injiniya, amma shi taho da Baba."